An Sake wa Kwamfuta Rumbu a Dakoro: Abin da Ya Dawo da Abin da Ya Salwanta

A watan Janairu na shekarar 2026 aka aike ni Dakoro, cikin jihar Maraɗi, domin in zauna da malaman karatun manya mu duba fassarar waɗansu ƙananan littattafai da za a raba wa azuzuwan yaƙi da jahilci. Kwana huɗu aka ɗibar wa aikin. Biyu daga cikinsu a shagon wani saurayi mai gyaran kwamfuta na yi su, ni da wani dattijo mai duba azuzuwan wata karkara ta arewacin gundumar, can wajen kwarin Tarka. Abin da na gani a shagon nan shi ne nake so in bayyana muku, gama yanzu kwamfuta ta shiga ofisoshin ƙananan hukumomi, ta shiga hannun malamai da sakatarori, kuma abin da ya sami dattijon nan yana iya samun kowane ma'aikaci.

Kwamfutar tasa, ko kuwa ordinatar kamar yadda muka fi faɗi a nan ƙasar, irin ta sawa a jaka ce. Ta yi wajen shekara goma da ƙerawa, kuma ta yi aiki a hannun wani a Turai kafin ta iso Nijar. A cikinta yake ajiye sunayen ɗaliban kowane aji, maza da mata, da sakamakon jarrabawarsu, da rahotannin da yake aikawa Maraɗi. Har ila yau a cikinta akwai wani littafin lissafi na Hausa wanda shi da abokan aikinsa suka shekara suna rubutawa, mai koya wa manoma da makiyaya awon hatsi da tiya da lissafin kuɗin dabba ranar kasuwa. Ya ce mini tun bayan damina ta fara nawa, in ya kunna ta sai shayi ya tafasa kafin ta buɗe. Daga baya ya riƙa jin wani ƙas-ƙas daga cikinta. Bai kula ba, tun da dai tana aiki. Ran nan da safe ya kunna, sai fuskarta ta yi baƙi, da ɗan rubutu layi guda mai cewa ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba.

Abin da ya mutu

Saurayin nan bai daɗe yana bincike ba. Ya kunna ta, ya kara kunnensa, ya ce: "Baba, diskidur ne ya gaji." Diskidur shi ne rumbun ajiya na kwamfuta. A cikin irin na da akwai faifai mai sulɓi, shafe da maganaɗisu, yana juyawa sau 5400 a minti ɗaya, kuma akwai wani ɗan hannu mai tsini da ke shawagi bisa faifan yana rubutawa yana karantawa. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai kusa da kaurin silin gashi ba. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da rumbu na farko irin wannan a shekarar 1956, mai faifai 50, faɗin kowane ɗaya inci 24, kuma duk girman nan nasa haruffa miliyan 5 kawai yake ɗauka. Na kwamfutar jaka kuwa bai kai tafin hannu ba, amma dabarar ba ta sake ba: abu ne mai juyi, kuma duk abu mai juyi yana tsoron girgiza.

To, ku dubi aikin mai duba azuzuwa a ƙasar Dakoro. Kwamfuta tana cikin jaka, jaka tana ɗaure bayan babur, babur yana kutsa rairayi daga wannan ƙauye zuwa wancan. Sau da yawa ma ba a kashe ta sarai ba, an dai rufe murfin an tashi tun faifan bai gama tsayawa ba. Ƙurar hunturu kuma takan toshe ƴar fankar da ke fitar da zafi, ga kuma bazara, wadda zafinta yakan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. Ƙas-ƙas ɗin da Malam ya yi ta ji, ɗan hannun nan ne yake neman wurinsa bisa faifai yana kasawa. Duk wanda ya ji wannan ƙara a kwamfutarsa, ranar nan ce ya kamata ya kwashe takardunsa zuwa wani wuri, tun tana buɗewa.

Sabon rumbu babu shi a shagon. Sai da aka yi waya Maraɗi, wadda ke nesa da Dakoro fiye da kilomita 100, aka ba wani direba ya taho da shi da yamma. Mai gyaran ya ba da shawara a sayi irin na zamani, wanda ake kira SSD, ni ma na goyi bayansa. Wannan ba shi da faifai, ba shi da wani abu mai motsi, saboda haka girgizar babur ba ta dame shi ba, kuma ya fi na da sauri nesa ba kusa ba. Aibinsa shi ne ba ya kuka kafin ya mutu, in kuwa ya mutu, ciro abin da ke cikinsa ya fi wuya. Sai dai kafin a aika kuɗi wajibi ne a buɗe a ga irin mazaunin da kwamfutar take da shi, domin iri biyu ne. Akwai mai faɗi, na inci biyu da rabi, mai bakin da ake kira SATA, akwai kuma siriri mai kama da ɗan allo, wanda ake kira M.2. Ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya.

Musanyar kanta ba ta ɗauki lokaci ba. Ya zare waya, ya cire batir, ya taɓa ƙarfen ƙofa kafin ya sa hannu ciki, domin a bushewar hunturu jikin mutum yakan tara ɗan lantarkin nan mai tartsatsi, wanda yake iya ƙona kayan ciki. Ya kwance ƙananan kusoshi da turnabis, ya zare tsohon, ya zura sabon, ya mayar da murfi.

Sabo ne, amma babu kome ciki

Malam ya matso da kujerarsa, aka kunna. Fuskar ta sake yin baƙi, da rubutun nan na jiya. Sai ya dube ni, ya dubi yaron, ya ce: "Ɗana, wannan da aka kawo shi ma mataccen ne?" Yaron ya ce: "Lafiyarsa lau, Baba. Sabo ne, ba a zuba masa kome ba tukuna."

A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, har da manyan ma'aikata, kuma ba laifinsu ba ne, gama ba a taɓa yi musu bayani ba. Abin da muke gani in mun kunna kwamfuta, watau hotuna da tagogi da kibiyar da ke yawo, duk aikin wata babbar manhaja ce da masu gyara ke ce wa sistam. Ita ce ke gudanar da sauran manhajoji, ita ce ke haɗa maɓallai da fuska da injin buga takarda. Windows ɗin kamfanin Microsoft shi ne wanda aka fi sani a ofisoshinmu. To, sistam ɗin nan a cikin rumbu yake zaune, tare da takardun mai kwamfuta. In rumbu ya tafi, sun tafi tare. Masu ƙera kwamfuta sukan ɓoye wani sashe na gyara domin mayar da sistam in ya lalace, amma shi ma sashen a cikin wannan rumbun yake. Ba zai cece ka ba ranar da rumbun kansa ne ya mutu.

Na fahimci cewa abubuwa uku ne Malam ya ɗauka abu ɗaya ne. Na farko sistam, wanda ake iya sake saukowa da shi daga intanet a kowane lokaci. Na biyu lasisin sistam, watau shaidar cewa an biya kuɗinsa. Na uku aikin hannunsa. Lasisin bai salwanta ba, ga dalili: tun daga Windows 8, a shekarar 2012, manyan masu ƙera kwamfuta suna dasa lambar lasisi a cikin babban allon kwamfutar, wanda ake kira uwar allo, ba sa manna ta a takarda ƙarƙashinta kamar da. Daga Windows 10 kuma, wanda ya fito a 2015, kamfanin yana riƙe da shaidar kowace uwar allo da aka taɓa tabbatar wa lasisi. Sake rumbu ba ya taɓa wannan shaida. Saboda haka duk mai gyaran da ya ce a ba shi kuɗin sabon lasisi don kawai an sake rumbu, a tambaye shi da kyau. Sharaɗi ɗaya ne: a zuba irin wanda kwamfutar ta zo da shi. In na gida ne, wanda aka rubuta wa Famille, kada a zaɓi Professionnel, lasisin wannan ba ya buɗe wancan.

Wane sistam za a zuba?

Wannan tambaya ta fi wuya yanzu fiye da shekarun baya. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina aika wa Windows 10 gyare-gyaren tsaro na kowa da kowa, sai ga wanda ya shiga wani shiri na musamman na ƙarin lokaci. Kwamfutar za ta ci gaba da aiki, amma duk ƙofar da ɓarayin intanet suka gano bayan wannan rana, a buɗe za ta zauna. Windows 11 kuwa, wanda ya fito a watan Oktoba 2021, yana da sharuɗɗa. Yana son ƙwaƙwalwar aiki ta giga 4 ko fiye, da rumbu na giga 64 ko fiye, da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar lissafi irin wadda aka fara sawa a kwamfutoci daga wajen 2018. Ta Malam ta girmi wannan. Kuma in za mu faɗi gaskiya, yawancin kwamfutocin hannu na biyu da ke shigo mana ta Kano ko ta Kwatano irinta ne.

Akwai hanya ta uku, wadda ba a faye ambatonta ba. Ita ce Linux, sistam na kyauta wanda Linus Torvalds ɗan ƙasar Finlan ya fara a 1991. Daga cikin ire-irensa akwai Ubuntu, wanda kamfanin Mark Shuttleworth, ɗan Afirka ta Kudu, ya fara fitarwa a 2004. Kowace shekara biyu, a watan Afrilu, sukan fitar da bugu mai dogon zango wanda ake kula da tsaronsa shekara 5. Ba ya neman lasisi, yana tafiya a tsofaffin kwamfutoci da dama, yana da Faransanci, kuma akwai manhajar rubutu da lissafi ta kyauta, LibreOffice, wadda ke buɗe takardun Word da Excel. Ni dai a ganina shi ya fi dacewa da tsofaffin kwamfutocin ofisoshinmu, na kuma faɗi haka a shagon. Amma Malam ya yi mini tambayar da ta ɗaure ni. Ya ce: "Mushe, kai jibi za ka koma Yamai. In ta tsaya mini a daji, wa zan kira?" Mai gyaran ya amsa cewa shi bai taɓa zuba shi ba. Ba a miƙa wa mutum kayan aikin da babu mai gyaransa kusa. Aka tsaya a kan Windows 10, bisa sharaɗin cewa ba za a riƙa yawo da ita a intanet ba sai aika rahoto, kuma ba za a riƙa cusa mata kowane kile da aka samu ba.

Kile shi ne ɗan abin nan da ake sokawa a gefen kwamfuta don ɗaukar takardu, kuma da shi ake zuba sistam. Ana son mai giga 8 ko fiye, wanda babu kome ciki, gama shirya shi yana shafe duk abin da ya tarar. A wata kwamfuta mai lafiya ake shirya shi, da manhajar da Microsoft ya tanada a shafinsa domin wannan aiki, ko da wata ƙarama ta kyauta mai suna Rufus. Mai gyaran yana da nasa kile a aljihu, wanda ya ce abokinsa ne ya ba shi, kuma an riga an "buɗe" shi, ba ya tambayar lasisi. Na roƙe shi ya bar wannan. Sistam da aka taɓa a bayan fage, ba wanda ya san abin da aka ɓoye a cikinsa, ga shi kuma kwamfutar hukuma ce mai ɗauke da sunayen jama'a, kuma tana da lasisinta na halal. Bai ji daɗi ba, amma ya yarda. Sistam ɗin ya fi giga 5 nauyi, muka sayi kuɗin intanet a wayata, muka haɗa ta da kwamfutata bayan sallar isha'i, lokacin da layi ya yi sauƙi. Kafin asuba ya gama sauka.

Zubawa

Da safe aka soka kile, aka kunna. A ɗan lokacin nan da tambarin kamfani yake bayyana ne ake danna maɓallin da ke sa kwamfuta ta tambayi inda za ta tashi. Maɓallin ya bambanta: a Dell da yawancin Lenovo F12 ne, a HP kuwa F9. Wanda ya makara sai ya kashe ya sake. Aka zaɓi kile, sai ga shafin farko yana tambayar harshe da irin jerin maɓallai. Kada a yi gaggawa a nan. Kwamfutocin da suka fito daga Faransa jerinsu yana farawa da AZERTY, waɗanda suka biyo ta Nijeriya kuwa QWERTY. In aka zaɓi wanda ba shi ba, mutum zai danna A ya ga Q, kuma mafi muni shi ne ya sa kalmar sirri da jeri ɗaya, gobe ya kasa buɗewa da ɗayan.

Da yake lambar lasisi tana cikin uwar allo, ba a ma tambaye mu ita ba. Wanda aka tambaya, alhali kwamfutarsa ta taɓa samun lasisi, sai ya zaɓi layin da ke cewa ba shi da lamba, ya wuce, za ta tabbatar da kanta ranar da ta shiga intanet. Daga nan aka zaɓi zubawa sabuwa fil, sai ga sabon rumbun ya bayyana a layi guda, da rubutun Espace non alloué, watau fili wanda ba a raba ba. Ba sai an raba shi da hannu ba, a zaɓe shi a ce a ci gaba, sistam zai yanka wa kansa sassan da yake bukata. In rumbun bai bayyana ba sam, ko dai bai zauna daidai a gurbinsa ba, ko kuwa kwamfutar tana neman wata ƙaramar manhaja daga shafin kamfanin da ya ƙera ta.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne wuta. Batirin Malam ya tsufa, ba ya riƙe ko rabin awa, in kuwa wuta ta ɗauke ana tsakiyar zubawa, sai a koma farko. Mai gyaran ya haɗa ta da batirin da yake cikawa da hasken rana. Cikin ƙasa da awa ɗaya ta gama, ta kashe kanta ta sake tashi. A wannan tashi na farko ne ake zare kile, in ba haka ba waɗansu kwamfutoci sukan koma shafin farko, mutum ya zaci aikin bai yi ba.

Ta buɗe, amma ba ta ganin intanet ba tare da waya ba, sauti kuma babu. Kowane sashe na kwamfuta yana da ƴar manhajar da ke gabatar da shi ga sistam, masu gyara suna ce musu filot. Dabarar da aka yi mai sauƙi ce: aka haɗa wayar hannu da kwamfutar ta igiyar caji, aka ce wayar ta raba mata intanet, sai sistam ya nemo filot ɗinsa da kansa. Daga nan aka zuba manhajar rubutu da ta injin buga takarda. Da aka duba shafin lasisi, an riga an tabbatar.

Tsohon rumbu

Malam bai yi murna ba tukuna, kuma yana da gaskiya, gama kwamfuta ce ta dawo, aikinsa bai dawo ba. Aka sa tsohon rumbun cikin wani ɗan akwati mai igiya, wanda ke mayar da shi kamar babban kile, aka soka. Nan take sai ga tambaya a fuska: rumbun nan yana bukatar a share shi a shirya shi kafin a yi amfani da shi, a yi? Malam ya miƙa hannu zai amsa, yaron ya riƙe masa hannu. Ƴan'uwa, ku riƙe wannan da kyau: amsar ita ce a'a. Wanda ya ce i, ya ƙara wa kansa wahala a kan wadda yake ciki. Aka zare, aka bar shi ya huce, aka sake sokawa. A karo na uku ya buɗe.

Rumbu mai ciwo ba a san minti nawa zai ba ka ba, don haka ba a cewa a kwashe duka. Abin da ya fi muhimmanci shi ake fara ɗauka. Muka tambayi Malam, ya ce littafin lissafi. Aka ɗauke shi, aka ɗauki jerin sunayen ɗalibai, aka ɗauki rahotannin shekarun baya. Da aka zo kan sakamakon jarrabawar zangon ƙarshe sai ƙas-ƙas ya dawo, kwafin ya tsaya cak. Aka gwada har la'asar, bai sake buɗewa ba.

Haruffanmu masu lanƙwasa

Saura abu guda, wanda mai gyaran bai san da shi ba, kuma shi ne ya fi shafar aikina. Da muka buɗe littafin lissafi, duk inda aka rubuta ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ, sai ga waɗansu alamomi da ba su da ma'ana. Malam ya ce shi ke nan, littafin ma ya lalace. Littafin lafiya lau yake. Haruffan nan an daɗe ana wahala da su. Taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966 ya duba yadda za a rubuta harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa, kuma dokar da ofishin ministan ilimi na ƙasarmu ya fitar a 1999 ta tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, inda muke rubuta ƴ a wurin da maƙwabtanmu na Nijeriya suke sa ɗan waƙafi kafin y. Amma kwamfutocin farko ba su san haruffan nan ba. Sai ma'aikatanmu suka yi dabara, suka ƙera zubin haruffa na musamman, inda aka ɗauke wata alama da ba a faye amfani da ita ba aka zana ƙ a gurbinta. Muddin zubin yana cikin kwamfuta, ƙ ake gani. Ranar da aka sake sistam, zubin ya tafi, sai alamar asali ta fito fili. Littafin Malam da irin wannan tsohon zubi aka buga shi.

Ba ƙaramar magana ba ce. Wanda ya koyi karatu da girma harafi-harafi yake bi, in aka ba shi takarda aka rubuta kaya a wurin ƙaya, ko kasa a wurin ƙasa, ko bari a wurin ɓari, an ɓatar da shi, kuma sai ya zaci shi ne bai iya ba. Ga shi kuma kundin da aka zartar a watan Maris 2025 ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa, watau takardun Hausa za su ƙaru a ofisoshi.

Maganin ya daɗe da samuwa. Tsarin duniya mai suna Unicode, wanda aka fara a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ƙ tana da 0199, ɓ tana da 0253, ɗ tana da 0257, ƴ kuma 01B4. Takardar da aka buga da waɗannan, kowace kwamfuta da kowace wayar zamani za ta nuna ta daidai. Na zuba wa Malam wata manhaja ta kyauta mai suna Keyman, ta ƙungiyar SIL, wadda ke ba da damar buga haruffan daga maɓallan da aka saba, na kuma sa masa zubin Andika, wanda ƙungiyar ta zana musamman domin masu koyon karatu, inda ba a rikita babban I da ƙaramin l da lamba 1. Sa'an nan muka zauna da littafin, muka gano alamar da ke tsaye a gurbin kowane harafi, manya da ƙanana, takwas ke nan, muka ce wa manhajar rubutu ta nemo kowace ta musanya. Abin bai kai awa ɗaya ba, amma sai da muka karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe, don akwai wuraren da alamar take tsaye da ma'anarta ta asali, a cikin lissafi.

Ga masu riƙe da ofisoshi ina da roƙo. Kowace gunduma ta tanadi kile guda mai sistam na halal, da wani mai ɗauke da filot da haruffan harsunanmu, a kulle su a wurin da aka sani, don kada ma'aikacin Kornaka ko Sabon Mashi ko Birnin Lalle ya kwana yana jiran layi kamar yadda muka kwana. Kowane ma'aikaci kuma ya riƙa kwafe aikinsa ƙarshen mako, kwafi biyu, ɗaya a ofis ɗaya a gida, kada kile ya kwana a jaka ɗaya da kwamfuta. Tsohon rumbu kuwa ba a barinsa a shagon gyara, ko da an ce ya mutu, gama abin da ya gagari wannan mai gyara yana iya buɗe wa wani, kuma sunayen mutane ne a ciki.

Na Malam an naɗe shi a takarda, ya rubuta kwanan wata a bayansa, ya ce zai kulle shi a kabad. Sakamakon jarrabawar da ya salwanta yana nan a rubuce da biro cikin rajistar kowane malami, a ƙauyukan da azuzuwan suke. Ranar da na kama hanyar Maraɗi na bar shi yana ɗaure jaka bayan babur, zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya kwafo, domin rahoton yana da ranar da ake jiransa.